Maigida Ya Ce a Rufe Shafin Nafisa

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Hajara ce daga Sandamu.

Autata Nafisa ta rasu bara, tana dab da gama karatun jinya. Ƙawayenta suka buɗe mata shafi a intanet, suna ɗora hotunanta, jama'a na yi mata addu'a. Kullum sai na leƙa, in yi kukana.

Shekaranjiya maigida ya ce, "Hajiya, a rufe shafin nan, ciwo yake ƙara miki." Shi ma da hawaye ya faɗa.

Na san gaskiya ya faɗa. Amma a can kaɗai nake jin muryarta, a wani bidiyo tana cewa, "Inna, na kusa dawowa."

Masu sauraro, in yarda a rufe? Ku ba ni shawara, ku sa Nafisa a addu'a.