Zaren da Malam Ƙasimu ya ɗaure kwalabensa da shi

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta Malam Liman, shugaban ƙungiyarmu ta makaɗa da masu gyaran kayan sauti ta Tarauni, Hajiya Fatima uwar gida, 'ya'yan marigayi Bello da Khadija, sauran 'yan uwa da maƙwabta, sannunmu da haƙuri.

Sunana Ayuba, jita nake kaɗawa, a majami'a ran Lahadi, a wajen biki sauran ranaku. An ce in yi magana a madadin makaɗa don ni na fi kowa daɗewa ina ɗaukar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, zuwa shagon Malam Ƙasimu a Gyadi-Gyadi. Shekara ashirin da bakwai ke nan, kuma rabinsu gardama muka yi.

Ya kasance mutum ne da bai iya yabo ba. Ya kasance ba ya duban fuskar mai kaya, kayan yake duba. Ranar da na fara zuwa wajensa na ce masa jitata ta rasa daɗi. Ya ce in kaɗa. Na kaɗa. Ya ce, "Jitar lafiyarta ƙalau. Kai ma da dama-dama. Kwalabenka ne suka gaji."

Ga waɗanda ba sana'arsu ba ce: a bayan tsohuwar amfilifaya akwai wasu kwalaben gilashi masu ɗaukar zafi, su ke ba sauti ƙarfi kafin ya fita ta lasifika. Malam ya raba su gida biyu, ya raɗa musu suna. Akwai doguwa, wadda in an ƙure ta muryarta take dushewa, ta yi kaushi mai daɗi. Akwai mai tumbi, wadda take fitar da sauti garau, ƙasansa da nauyi. Ni ya sa mini mai tumbi saboda majami'a. Ya ce, "Mutane sun zo yabon Allah, ba sun zo jin kana gurnani ba."

Ya kasance yana faɗa mana gaskiyar da ba ma so. Bambancin nan, in ji shi, ba ya fitowa sosai sai an ɗaga murya, saboda haka duk wanda ya rantse ya ji shi a ƙaramin sauti, kansa yake ruɗi. Shi ya sa yake ƙure amfilifaya in zai gwada. Ranka ya daɗe, kai ka san sau nawa maƙwabta suka kawo maka ƙararsa.

Ya kasance kuma ba ya sa kwalba ɗaya ita kaɗai. Biyu-biyu suke aiki, kuma dole ƙarfinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba ɗaya ta yi ja ta mutu da wuri, sautin ya riƙa gunji. Sai ya auna kowace da mita, ya saita wutar, ya saurara, in biyu suka dace ya ɗaure su da zare ya ajiye a akwatin ƙarfe. Bai taɓa rubuta komai ba. Zaren nan shi ne littafinsa.

To, ga abin da ya faru, kuma ba don in kunyata kowa nake faɗa ba. Bayan sadakar bakwai, matan gida suka shiga share shagon. Suka ga gilasai sun yi ƙura, an ɗaure su da tsohon zare mai dauɗa. Suka warware, suka goge kowace tas, suka jera su daga babba zuwa ƙarama. Na je na gani. Ban taɓa ganin shagon da kyau haka ba, kuma aikin shekara talatin ya tafi. Hajiya, da zuciya ɗaya aka yi, mun sani.

Bello, an gaya mana ka ce tunda sun cakuɗe ba su da amfani, jibi 'yan gwangwan za su zo su kwashe. Kai ne babba, magana taka ce. Sai dai akwai abin da mahaifinka ya ɓoye, ni kuma yau zan tona. Shekara huɗu da suka wuce kunnensa ya fara tafiya. Wata rana na tarar ya juya wa amfilifaya baya, tana ta gunji bai ji ba. Ya ga na gane. Ya ce, "Ayuba, ka riƙe bakinka." Na riƙe.

Tun daga lokacin, in Khadija ta taso daga makarantar da take koyarwa a Daurawa, shagon take biyowa. Shi ya auna, ita ta saurara. Daga baya ma ita ke yin duka biyun, shi yana zaune yana faɗa. Duk wanda a cikinmu ya karɓi amfilifayarsa a shekarun nan ya ce kunnen Malam bai tsufa ba, kunnen Khadija ya yaba. Ni ma na bari aka ci gaba da yabon, kuma ina jin kunyar hakan.

Ita kaɗai za ta iya mayar da kwalaben nan biyu-biyu. Zai ɗauke ta watanni. Ba ta roƙe ni in yi maganar nan ba, ga ta can tana hararata. Mu ne muke roƙo, Bello. Ka bar mata akwatin, ka bar mata makullin shagon.

Tawa amfilifayar ta fara gunji tun makon jiya. Gobe bayan la'asar zan ɗora ta a keke in kai ta Gyadi-Gyadi, in zauna a bakin shagon. Ban san wani wurin da zan kai ta ba.

Mun gode da kuka saurare mu. Allah ya jiƙan Malam Ƙasimu, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya huta. Allah ya ba Hajiya da 'ya'yanta haƙuri, ya haɗa kansu. Amin.