Makullin da Na Ɗaura wa Ƙafar Benci

Mai girma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, mai girma shugabar makaranta, malamar asibiti da ta baro aikinta ta zauna da mu, malamai maza da mata, iyaye da kakanni, har da ku masu leƙe ta taga, ina yi muku sallama irin ta girmamawa.

Godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, godiya ga shugaba da ya ce mai shara ma ta hau nan ta yi magana. Shekara goma sha ɗaya ina share ɗakin nan, ban taɓa kallonsa daga wannan tudun ba. Ashe akwai yanar gizo a saman ƙofa. Gobe zan cire.

Magana ta farko ba tawa ba ce, ta malamar asibiti ce. Ta bi aji-aji ta tambayi yaranmu ɗari biyu da goma, ta tarar arba'in da uku suna fama da ciki: wani murɗa mai zuwa ta tafi, wani kumburi, wani kuwa sai ya kwana uku bai zagaya ba. A kai su asibiti, a auna jini, a duba bayan gida, a ce ba a ga komai ba. Ta ce mana hanjin lafiyarsa ƙalau, aikinsa ne ya rikice, kuma ciwon na gaske ne. Ina roƙonku iyaye, ku riƙe wannan: rashin ganin ciwo a takarda ba ya mayar da yaro maƙaryaci.

Magana ta biyu tawa ce, kuma da kunya zan faɗe ta. Cikin arba'in da ukun nan har da jikata, 'yar aji uku, wadda nake kira ƙawata. Kullum aka tashi makaranta sai ta dawo a dunƙule, ta ture abinci. Sau uku ubanta, ɗana, yana kai ta asibiti, sau uku ana cewa ba komai. A karo na ukun ya ce mini, "Iya, yarinyar nan karatun ne ba ta so. In zangon nan ya ƙare, ta zauna gida." Hankalina ya tashi, domin na san yarinyar da ke karanta mini rubutun jikin kwalin sabulu ba ta ƙin karatu.

Ranar da aka zo kan ajinsu, ina tsaye riƙe da tsintsiya malamar asibiti ta tambaye ta, "A makaranta sau nawa kike shiga ban-ɗaki?"

Ta ce, "Ba na shiga."

"Don me?"

Sai ta saci kallona, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Katakon Iya."

Jama'a, duk kun san katakon nan. Ni na sa wa ban-ɗaki kwaɗo don ya zauna fes, har baƙi na yabawa ina jin daɗi. Da makullin ya ɓata sau biyu, ni na ɗaure shi a ƙafar wani karyayyen benci, na shafa mata jan fenti, na rataye a ƙofar ofis. Duk yaron da ya matsu sai ya ratsa filin nan da jan katako a hannu, 'yan'uwansa na ihu, "Ya ɗauki katako!" Na sha jin ihun nan, wallahi har dariya nake yi. Ashe yara sun gwammace su matse daga safe har a tashi, wasu ma sun daina shan ruwa don kada ya kama su. Ni ina tsaron tsabta, ciki na ƙullewa.

Magana ta uku, ba katako kaɗai ba ne. Akwai yaron da ake fizgowa daga barci a turo shi ba a ba shi ko minti biyar ya tsuguna ba. Akwai wanda ganye da 'ya'yan itace ba sa ratsa kwanonsa. Akwai wanda tsoron tsawa ke sauka a cikinsa. Ku ba su ruwa, ku ba su lokaci, ku ba su kunne. In kuwa kun ga jini, ko rama, ko amai da zazzaɓi, wannan ba na jira ba ne, asibiti kai tsaye.

Yau wata biyu ke nan da na cire kwaɗon, ƙofar ban-ɗakin tana buɗe, kafinta ya sa sakata ta ciki. Aikina ya ƙaru, sau uku nake wankewa a rana, bayana na ƙorafi, amma raina fari tas. Ƙawata ta koma cin abinci har da neman ƙari. Ga ubanta can a layi na uku yana ɓoye fuska, shi da kansa ya kawo ta da safen nan, da sabuwar jaka.

Ranka ya daɗe, ga kwaɗon, ga makullin. Katakon kuwa ba zan bayar ba, jikata ta riga ta karɓe. Shi take tokare ƙofar ajinsu da shi don iska ta shiga.

Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ba malamai haƙuri, ya ba mu iyaye basirar tambaya kafin faɗa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.