Aminina Ya Ɓoye Tsohonsa Ranar Lamba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Garba mai jirgin fito, daga Lolo, ƙasar Bagudo.

Bayan bikin samun mulkin kai, cutar agana ta ɓullo mana. Ni da aminina Manu munka bi gida gida muna lallashin tsofaffi a yi musu lambar rigakafi, don sun ce abin yara ne. Manu ya bugi ƙirji ya ce tsohonsa zai fara miƙa hannu, shi ya sa sunka yarda. Ranar kasuwa samari sunka ɗauko su, wasu a jaki, wasu a jirgina.

Masu lamba na zaune anka nemi tsohon Manu, babu shi. Ashe tun da asuba Manu ya tsallakar da shi ƙasar Dahome. Innata ta miƙe ta ce, "Garba, mai kiranmu ya ɓoye nasa, mu ne marasa gata?" Nan tsofaffi sunka watse.

Yanzu agana ta cinye idanun innata. Jiya Manu ya zo dubiya, tana lalube tana shimfiɗa masa tabarma. Jama'a, ku ba ni shawara, da wane baki zan amsa sallamarsa?