Famfon Bakin Layi

Ɗan garuwa yana ɗaure jarkokinsa a gindin busasshen famfon unguwa, sai ga wani baƙo mai takalmi fes.

"Daga hukumar ruwa nake, muna duba aikinmu. Famfon nan yana kawowa?"

Ɗan garuwa ya kalle shi sama da ƙasa. In aka gyara famfon nan, wa zai ƙara sayen ruwansa?

"Kullum, yallaɓai! Har malala yake yi."

"To, jarkokin nan fa?"

"Motsa jiki nake. In ba ka yarda ba, murɗa ka gani."

Subutar baki ce, gabansa ya faɗi. Amma baƙon ya ja da baya.

"Rufa mini asiri, malam. In na murɗa, dole in gaya wa oga abin da na gani. Kullum ka ce, ko?"

"Kullum."