Farin Shafi

Ina jiran takarduna a shagon ɗinkin littattafai, sai wata marubuciya ta dawo wa mai shagon da kundin gajerun labaranta da ya ɗinka. A ranar za a rufe karɓar littattafai a gasar da za ta shiga.

"Malam, ina shafi na sha biyu?"

"Ai fari ne fat, Hajiya. Na ɗauka inji ne ya tsallake, sai na cire."

"Da gangan na bar shi. A labarin, miji ya tambayi matarsa abin da ke damunta, farin shafin ne amsarta. Mai karatu zai cike."

"Wato marubuci ya huta, mu mu yi aikin?"

"Salon zamani ne. In babu shi, labarin ya zama na mijin kaɗai."

Ya buɗe, ya karanta tambayar mijin sau biyu.

"Yaushe ta yi magana?"

"A shafi na gaba."

"To, nan kika kuskure. Tawa matar yau sati uku ke nan ba ta yi mini magana ba."

"Me ka yi mata?"

"Da na sani, ai da na cike."

Ya warware ɗinkin, ya saka fararen takardu biyar. Ta ƙirga su, ba ta ce ya rage ba.