Cinyar Ragon Suna

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Sale tela, daga Farin Gada a nan Jos. Don Allah ka karanta wannan yadda na rubuta, kada ka rage komai.

Ran Juma'ar da ta wuce na yi sunan ɗana. Da aka zo rabon naman rago, na ware cinya guda na aika wa maƙwabcina Baba Ajayi, Bayarabe kafinta, Kirista. Baffana Ilu, wanda ya zo suna daga ƙasar Kano, ya tashi a gaban mutane ya ce, "Sale, ka zubar mana da mutunci! Mutumin da ba dangin iya ba na baba?"

Na ce, "Baffa, ranar da ramin kuza ya rufta wa mahaifina, Baba Ajayi da wani Birom ne suka tono shi da hannunsu. Baba Ajayi ne ya ƙera makarar, ya tsaya bakin maƙabarta har muka gama. Kai sai bayan wata uku ka aiko da gaisuwa."

Baffa ya yi fushi ya koma gida, wai Jos ta lalata ni.

Jama'a, iyayenmu da ƙafa suka hawo dutsen nan na Jos don haƙar kuza, ba su san kowa ba. Wanda ya kama maka kwanon kuza ka ɗora a ka, shi ne ɗan'uwanka. Haka muka tashi.

Ku ba ni shawara yadda zan sauko da Baffa, amma ban da tuba, don ban yi laifi ba. Ina gaida Baba Ajayi. In Allah ya ba ni wani ɗan, cinya biyu za ka ci.