Injiniya a Katin Ɗaurin Aure

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da kai da masu sauraro. Ni ne Malam Umaru daga Gawon Nama, Sakkwato.

Na karanta aikin injiniya a jami'a, na yi shekara talatin a aikin ruwa. Amma ban samu rajistar hukumar injiniyoyi ba, domin kullum na nemi manyana su sa mini hannu sai su ce in dawo, har na yi ritaya. An koya mana cewa marar rajista ba ya amfani da sunan Injiniya, don haka ban taɓa rubuta shi ba.

Makon jiya na je duba katin ɗaurin auren 'yata kafin a buga. Na tarar an rubuta uban ango Injiniya Bello, ni kuwa Malam Umaru kawai. Bello mutumin kirki ne, amma gyaran janareta yake yi. Na tambaye shi inda ya samo sunan, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, kowa ka taɓa inji injiniya na! Mutane sunka ba ni."

'Yata kuma ta ce, "Baba, kai ma ka sa, kada dangin miji su raina mu."

Ranar Asabar za a buga katin. Masana su gaya mini, wa ke ba da sunan nan, hukuma ko unguwa? In na sa, na karya doka?

A gaida mini Injiniya Bello, a tuna masa janaretana yana shagonsa tun kafin azumi, har yau bai tashi ba.